Tabon Basilla a Tafin Hannuna

A tafin hannuna na hagu akwai tabo siriri, ya taso daga gindin babban yatsa ya nufi tsakiya. Basilla ce ta yi mini shi ina da shekara goma sha shida. Bayan shekara tara wani mutum ya ɗaga nasa hannun a tele, gaban duk ƙasar Aljeriya, ya ce tabon nasa ne. Mutumin ɗan gwaggona ne, kuma a lokacin shi ne zakaran wasan tanis na ƙasar.

Babana baduku ne, mutumin Damagaram. Ya zo Tamanrasset tun yana saurayi, ya kafa rumfa a kasuwa yana ɗinka takalma da jakunkuna. A nan aka haife ni. Ƙanwarsa, wadda nake ce wa Gwaggo, ta biyo shi daga baya, ta auri wani Buzu ɗan Mertoutek da yake gadin filin tanis a bayan wani otel. Filin siminti ne, duk ya tsattsage, likitoci da injiniyoyin da aka turo daga arewa ne suke wasa a cikinsa da yamma. Mijin Gwaggo ya rasu ya bar ɗa guda, wanda ya girme ni da shekara uku. Ina ce masa Yaya. Shi kuma Malama yake ce mini, don ba ya ganina ba littafi a hannu.

Littattafan soyayya ne na Kano. Cikin kayan ƴan kasuwa suke isowa, ta Maraɗi da Agadas, wani ba bango, wani an yage shafin ƙarshe sai dai in ƙarasa labarin da kaina. A cikinsu na koyi cewa saurayi yakan zama dogo, mai fararen idanu, mai ƙarancin magana, kuma yakan sha wahala kafin ya yi suna. Da na ɗaga kai daga littafi na duba gidanmu, sai na ga Yaya ya cika duk sharuɗɗan.

Wata rana ya shigo zaurenmu da raket biyu, abin buga ƙwallon tanis, da wani likita ya yar, duk tsirkiyarsu ta tsinke. Ya durƙusa gaban babana.

"Kawu, ko za a iya gyara mini wannan?"

Babana ya juya ta gaba da baya. "Wannan rariya ce ko matankaɗi? Ni takalmi na sani. Kai wa Malamarka, ita ce mai zaman banza."

Wasa ya yi, amma na karɓa. Sati guda na yi ina warware tsohuwar tsirkiya ina duba yadda aka saƙa ta. Daga nan na gano hanyata. Sai in zura tsirkiya a rami, in naɗe ta a jikin guntun icce, in ja da ƙarfi, in kaɗa ta da yatsa in saurari kukanta. Idan kukan ya yi daidai, sai in soka basillar babana a ramin ta riƙe, in wuce rami na gaba. Da farko da guntayen tsirkiyar da aka zubar nake haɗawa. Da likitan ya ga aikin, ya kawo mini ƙunshi sabo, ya kuma riƙa aiko da nasa.

Akwai abin da ni da Yaya muka gano tare, kuma shi ne tushen wannan labari. Garinmu a kan tudu yake, cikin duwatsun Ahaggar, iskarsa ba ta da nauyi. Ƙwallo a nan gudu take kamar an koro ta. Idan tsirkiya ta yi sako-sako, sai ta cilla ƙwallon kamar danƙon harbin tsuntsu, ta wuce layi ta faɗi waje. Dole a ɗaure ta tamau, har kukanta ya yi siriri kamar na sauro. Ni na koya masa ya buga raket a tafin hannunsa ya kai kusa da kunne. Yakan yi haka ya lumshe ido, ni kuma in tsaya ina kallon gashin idonsa, har in manta abin da muke saurare.

Ana gobe zai tafi Alje, babban birnin ƙasar, gasarsa ta farko ta matasa, na zauna tun safe ina ɗaure masa raket uku. Na gama biyu. Ina kan ta uku bayan azahar, hannuna ya gaji, basilla ta zame daga rami ta shige tafin hannuna. Jini ya zubo a wuyan raket ɗin, ya bi cikin ramuka. Yaya ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure mini. 

"Malama, kin kashe kanki a kan rariya."

"Ka ciwo kofin dai. In ka dawo hannu rabbana, kai ma sai na soka maka."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce, "In na ɗauko kofi, Kawu zai ga manya a ƙofarsa." Ya ɗauki raket biyu, ya miƙo mini mai jinin. "Ajiye mini wannan. Da ita zan buga ranar da na dawo gida."

Na karanta irin wannan magana a littafi ya fi sau ɗari, amma ban taɓa jin ta da kunnena ba sai ranar. Na naɗe raket ɗin a wani zanen mamata na sa a ƙasan akwati. Tsirkiya takan saki ko ba a buga da ita ba, don haka duk shekara nakan yanke ta in sake ɗaurawa, domin ranar da zai dawo ya same ta a shirye.

Kwana biyu da isarsa ya kira wayar maƙwabcinmu. "Malama, ƙwallon nan nauyi gare ta kamar an jiƙa ta. Ina bugawa tana faɗuwa a raga." Na ce masa ai bakin teku yake, iskar can kauri gare ta, ya nemi wanda zai sassauta masa tsirkiya. Ya yi hakan, ya ci kofin. Ina faɗin wannan ne don a san cewa ya taɓa sanin bambancin iskar can da ta nan. Ni na gaya masa, kuma ya ji.

Daga nan ya yi ta hawa. Wani mai horarwa ya riƙe shi a Alje. Takardunsa na ƙasar ne ta wajen ubansa, ba abin da ya tare masa hanya. Ya ci kofin manya, ya sake ci, ya sake. Ya je Tunis, ya je Masar, ya je Faransa, wasa ya zama sana'arsa. An san shi da wani bugu na hannun dama, miƙaƙƙe, wanda yake saukar da ƙwallo daidai kan layin baya. Aka kafa hotonsa a allon talla a hanyar filin jirgi. Nakan nemi dalilin bi ta wajen in tsaya ina kallo, iska tana kaɗa mini mayafi, ina jin kaina a shafi na tsakiyar littafi inda rabuwa take tsawo amma an san za a haɗu.

Manya ba su zo ƙofar babana ba. Waya ta koma sau ɗaya a wata, ta koma ta salla, ta ɗauke. A bakin Gwaggo na ji ya auri ƴar mai horar da shi. Na yi kuka na kwana uku, kuma abin mamaki, na yafe masa. A littattafaina saurayi ba ya yin irin wannan aure sai an matsa masa. Na ce wa kaina an riƙe masa wuya ne, mutumin da ya ɗauke shi daga ƙasa ya ba shi ƴa, ya zai ce a'a?

Abin da ban yafe ba shi ne na tele.

Ranar da za a yi hira da shi, Gwaggo ta fito da tele tsakar gida bayan la'asar, ta shimfiɗa tabarmi, matan unguwa suka cika gidan. Ya fito cikin farar riga yana Larabcin Alje, har ya fi mai tambayar iyawa. Aka tambaye shi wa ya taimake shi yana yaro a can kudu, inda ba kayan wasa.

Ya ce, "Ba kowa. Ni ne da Allah. Raket ɗina ma da hannuna nake ɗaure su, da basillar dukawa, ina auna su da kunne. Wata rana basillar ta zame ta shige nan." Ya ɗaga hannun hagu. "Har yau ga tabon."

Kyamara ba ta matso ba. Mai tambayar ya dafa ƙirji, mutanen da ke ɗakin suka tafa.

A tsakar gidan Gwaggo ba wanda ya tafa. Duk matan suka juyo suna kallon hannuna, don ba wadda ba ta zo mini sannu ba lokacin da ya kumbura. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli ta ce, "Ikon Allah. Ashe tabo ma ana aronsa yanzu. Ke, duba ki gani ko naki yana nan."

Aka yi dariya. Gwaggo ta ce, "Kun san ƴan tele, su suke rubuta musu abin da za su faɗa."

Na dunƙule hannuna a cikin mayafi. Aurena da ya fasa, nasa ne, yana da ikon kai shi inda ya so. Amma ciwon nan nawa ne. Ni na ji shi, ni na yi wata guda ba na iya tuƙa tuwo. Ya ɗauke shi daga jikina ya sa a nasa don a tafa masa. Tun daga ranar abu ɗaya nake so a duniya: ya tsaya gaban mutane, da bakinsa, ya faɗi hannun wa aka soka.

Na shirya masa ramuwa iri-iri a zuciyata, duk irin na littafi. Wata rana ni ce hamshaƙiya, na fito daga doguwar mota, shi kuma ya karye, yana bakin titi, na sauke gilashi rabi na kalle shi na wuce. Wata rana yana kwance asibiti yana kiran sunana, na tsaya a bakin ƙofa na ƙi shiga. Nakan gyara kalmomin da zan faɗa masa ina wanke-wanke, in canza wannan, in ƙara waccan, har kumfa ta bushe a hannuna.

Rayuwa kuwa ta bi hanyarta. Na auri direban motar da ke jigila tsakanin nan da Silet, mutumin Maraɗi, mai haƙuri da son barkwanci. Na haifi biyu. Idon babana ya yi rauni ya bar kasuwa, muka dawo da shi wajenmu. Ni kuma na zama mai ɗaure raket na duk garin, don har yau ba injin ɗauri a nan. Abin da na ƙara kawai shi ne sikelin rataye irin na mahauta. Nakan maƙala shi a tsirkiya in ja, in ga kilo nawa, saboda ƴan arewa da lamba suke magana. Raket mai jini tana nan a akwati, ban fasa sabunta ta ba. Da don ƙauna nake yi. Daga baya na rasa sunan abin, na dai ci gaba.

Shekara bakwai bayan hirar aka gyara filin bayan otel, aka shafe shi da shuɗin fenti, aka kafa benci. Aka sanar cewa zakara ɗan gari zai zo ya buɗe shi. Zai buga zagaye ɗaya da wanda ya fi kowa a kudu, wani matashi ɗan Tazrouk, gajere mai ƙafafu kamar na akuyar dutse. Ni nake ɗaure wa matashin raket, kuma tamau yake so, kamar kowa a nan. Gwaggo ta ɗinka sabuwar shadda, ta bi gida-gida tana gayya.

Ana gobe wasan, da la'asar, mota ta tsaya a ƙofarmu. Ya shigo zaure tare da wani Balarabe mai kula da harkokinsa, wanda ba ya minti biyu bai duba agogo ba. Yaya ya yi ƙiba kaɗan, gashinsa ya fara ja baya, amma idanun suna nan. Na ji haushin zuciyata da ta buga. Ya durƙusa ya gaida babana.

"Kawu, mun same ku lafiya?"

"Wa nake ji kamar mai rariya?" in ji babana. Ya shafa kansa, ya sa masa albarka.

Sannan ya juyo wajena. "Malama. Har yanzu ana karatun?"

"Ana yi, Yaya. Tele ma muna kallo."

Ya sunkuyar da kai ya buɗe jaka. Raket uku ne, duk ba tsirkiya. Manyan ƴan wasa ba sa shiga fili sai da sabon ɗauri, don haka ya yanke tsofaffin tun a Alje, yana zaton zai tarar da inji a nan. Da ya tambaya aka ce masa mace ce take yi, a unguwar Hausawa. Ya ajiye ƙunshin tsirkiyarsa a kan tabarma.

"Kilo ashirin da biyu. Duka ukun."

Na dube shi. "A nan?"

"A ko'ina. Shekara goma ke nan da shi nake bugawa."

Na rantse na buɗe baki don in gaya masa. Tsohon sabo ne ya riga fushina. Na ce, "Yaya, iskar garin nan…"

Balaraben ya taɓa agogonsa. Yaya ya katse ni, kuma da Larabci ya yi, don mutumin ya ji. "Ki yi yadda aka ce miki. Yanzu aikin lamba ne, ba na kunne ba."

Na rufe bakina. Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin na ruwan tulu. Shekara bakwai ina neman ramuwa a cikin motoci da asibitoci, ga ta ya kawo mini har zaure, ya ajiye a kan tabarma da hannunsa.

Na ce, "To, Yaya. Ashirin da biyu."

Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na washegari da safe ba. Kowace tsirkiya sai da na ja ta da sikeli na duba sau biyu. Ban rage ko ɗigo ba, ban ƙara ba. Ba na so wani ya ce na yi masa mugunta. Mijina ya leƙo yana shirin fita.

"Yau kuma waƙa ake yi a kan aiki? Shekara shida ban taɓa jin muryar nan ba. Ko in fasa zuwa Silet in tsaya kallo?"

"Je ka ka dawo da wuri. Akwai kallo da yamma."

Babana yana zaune a gefe yana jan carbi. Ya miƙo hannu na ba shi ɗaya. Ya buga ta a tafinsa, ya kai kunne. Shekarun da ya yi yana jin aikina sun koya masa.

"Wannan ai ta kwanta."

"Haka mai ita ya ce, Baba."

"Kin gaya masa?"

"Na fara. Ya ce in yi yadda aka ce mini."

Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya miƙo mini, ya ce, "Ɗan ƙanwata ne fa." Ya koma kan carbinsa. Bai ce in gyara ba.

Da na gama, na ciro raket mai jini daga akwati, na yanke tsirkiyarta, na ɗaure ta tamau irin na garinmu, har ta yi kukan sauro. Na naɗe ta a zane na tafi da ita. Na yanke wa kaina hukunci: in ya zo da ƙafarsa ya faɗi gaskiya gaban jama'a, zan ba shi, ya ci wasansa. Hanya a buɗe take, shi zai zaɓa.

Filin ya cika. Manyan gari a kan kujeru, jandarmomi a bakin ƙofa, ƴan lekkol, wato yaran makaranta, da tutoci, magina Hausawa ƴan ƙasar babana a kan katangar da suka gina. Ƴan Tazrouk sun zo mota biyu. Na zauna a benci na biyu cikin mata, Gwaggo tana gabana cikin shaddarta. Jawabai suka ci lokaci, har ƴan wasan ba su samu sun gwada hannu sosai ba. Tun da ya sauka daga jirgi, gaisuwa da liyafa kawai Yaya yake yi.

Aka fara. Ƙwallo ta zo masa a dama, ya saki bugun nan da aka san shi da shi. Jama'a suka miƙe. Ƙwallon ta tashi da kyau, ta wuce layin baya da taku guda. Alƙalin wasa ya ce ta fita. Yaya ya yi murmushi ya ɗaga wa mutane hannu. Ya sake, ta sake fita. Ta uku ta bugi shingen waya.

Matashin Tazrouk ba ya wani abin burgewa. Mayar da ƙwallo kawai yake, yana gudu nan da can ba ya haki, yana jira. Yaya ya canza raket. Ta biyu daidai take da ta farko. Ya ɗauko ta uku. Ai na ce ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Ya gwada sassauta hannu, sai ƙwallon ta riƙa faɗuwa tsakiyar fili, matashin ya riƙa aika ta kusurwa. Ya koma bugun ƙarfi don jama'a abin da suka zo gani ke nan, ta ci gaba da fita. Numfashinsa ya fara nauyi. A kan katanga wani magini ya ce da Hausa, "Maigida, filin a nan yake, ba a Agadas ba." Dariya ta bi katangar.

Sai na ga ya tsaya. Ya buga raket ɗin a tafin hannunsa, ya kai kusa da kunne, ya lumshe ido. Yadda na koya masa. Da ya buɗe ido, ya bi bencin mata da kallo har ya same ni.

Na warware zanen a hankali. Na ɗora raket mai jini a kan gwiwata, na buɗe tafin hannuna na hagu a kanta, inda zai gani.

Da aka je hutun canza gefe, Balaraben ya ratso cikin mata yana neman gafara. Ya ce mini da Larabci, "Ya ce ki ba da waccan."

"Ya zo da kansa."

"Madam, ba lokaci."

"Ga makirufo can a hannun mai sanarwa. Ya karɓa ya faɗi hannun wa basilla ta soka. Kafin ya rufe baki na miƙa masa."

"Wace basilla?"

"Kai dai faɗa masa. Zai gane."

Gwaggo ta juyo. Ta ji komai. Ta ce a hankali, "Ƴar nan, don Allah. Don ni."

Na ce, "Gwaggo, taku ashirin ne tsakaninmu. Ni na yi shekara goma sha shida ina riƙe da ita."

Mutumin ya koma ya sunkuya a kunnensa. Yaya yana zaune da tawul a kansa. Ya cire shi, ya miƙe. Ya yi taku biyu zuwa wajen mai sanarwa, kuma Allah ya sani a wannan lokacin na so ya ƙarasa. Na riga na ga shafin ƙarshe: muryarsa tana rawa, jama'a sun yi tsit, ni ina miƙa masa raket ina hawaye. Sai ya dubi kyamarar da aka kafa a gefen fili. Ya tsaya. Ya juya ya ɗauki raket ɗinsa mai kilo ashirin da biyu, ya koma fili.

Bai ƙara cin komai ba. Ƙwallon ƙarshe ta fita da nisa har ba wanda ya jira alƙali ya faɗa. Matan Tazrouk suka rangaɗa guɗa. Aka ba matashin makirufo ya gode wa mahaifiyarsa da garinsu. Ba wanda ya ambace ni, ba wanda ya san abin da ya faru sai mu huɗu. Gwaggo ta tashi ta fita ba ta kalle ni ba, sabuwar shaddarta tana ƙara. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma gajera.

Washegari da hantsi, kafin jirginsa, ya zo shi kaɗai. Babana yana ciki. Ya tsaya a zaure bai zauna ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Mutumin da yake ɗaure raket da hannunsa tun yana yaro, yana auna ta da kunne, ni zan koya masa iskar garinsu?"

Ya ce, "Na san hannunki ne, Malama. Ban taɓa mantawa ba."

"A zaure ka sani. A tele ka manta."

"Magana ce ta fito. Da na faɗa sau ɗaya, sai kowa ya riƙa tambayata ita. Ya zan janye?"

"Jiya an ba ka makirufo."

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ba ni ita, ko don tunawa. Tawa ce ai."

"Taka ce."

Na ɗauko ta, na ɗauko almakashi. Daga tsakiya na fara yanka, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ina fita zuwa gefe, don haka ake yi kada raket ta karkace. Kowace tsirkiya ta yi ƙara da ta tsinke. Yana tsaye yana kallo. Na zare guntayen na tara a gefe, na miƙa masa ita fanko, jinina yana nan baƙi a cikin ramukan wuyanta. Sannan na ɗauko basillar babana na ɗora a kai.

"Ga kayan aiki. Ka iya ai."

Ya karɓi raket ɗin. Basillar ya ajiye ta a kan tabarma, a hankali, kamar mai tsoron ta soke shi. Ya ce in gaida Kawu, ya fita.

A littattafan da na karanta, yarinya takan yi nadama bayan ta rama, ta kwanta ciwo, ta gane zuciyarta ba ta mugunta ba ce. Na jira nadamar ta zo. Na ba ta sati, na ba ta wata. Abin da ya zo kawai shi ne kewar Gwaggo, da wani wuri fanko a ƙasan akwati, wanda na cika da kayan sanyin yara. Bai faɗi gaskiyar ba, kuma na san ba zai faɗa ba. Amma an sake hira da shi bara, da ya ajiye wasa. Na zauna na kalla tun daga farko har ƙarshe. Mai tambayar ta roƙe shi ya ba da labarin basilla. Ya ce ya tsufa da wannan labari, a wuce. Hannunsa na hagu yana ƙarƙashin tebur, bai fito da shi ba har aka gama.